Makullin Ɗakin Makafi Yana Aljihun Mutum Ɗaya, Firojet Ɗina Ya Tsaya

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar aji huɗu a wata jami'a a Arewa, ina karanta ilimin zamantakewar al'umma. Na rasa ganina tun ina shekara shida sakamakon ciwon ƙyanda. Na yi firamare da sakandare a makarantar makafi, na iya birel, wato rubutun makafi da ake shafawa da yatsa, kuma ina buga rubutu a kwamfuta da kaina.

Tun daga aji ɗaya, ƙawata da muke ɗaki ɗaya ita ce idona. Ita take karanta mini handaut da littattafai, ita take raka ni laburare. Yanzu mun shiga aikin firojet, kowa da nasa nauyin. A makon jiya tana karanta mini wani babi da daddare sai na ji muryarta ta yi sanyi, ta rufe littafin ta ce, "Ni ma fa ina da nawa karatun." Ba ta ƙara cewa komai ba, ni ma ban iya cewa komai ba, amma tun ranar na kasa sake roƙonta.

A laburarenmu akwai wani ɗaki da aka keɓe wa masu buƙata ta musamman, da kwamfuta biyu da na'urar buga birel. Makullin yana hannun ma'aikaci ɗaya, idan ba ya nan shi ke nan. Sau biyar na je a wannan zangon, sau ɗaya na samu a buɗe, kuma kwamfutar da ke magana takan yi shiru bayan kamar minti arba'in. Na'urar birel kuwa an ce babu takarda. Tsofaffin firojet da nake buƙata suna hawa na biyu, ba a ba da aronsu, ba a yarda a ɗauki hotonsu. Wani ma'aikaci ya ce in zo da mai karanta mini. Da na zo da ita, wani ya ce ba a ɗaga murya a laburare. Malamin da ke duba aikina mutumin kirki ne, amma da jan biro yake yi mini gyara a kan takarda.

Yayana ya ce in rubuta komai a Facebook in tona musu asiri. Mahaifiyata ta ce in yi haƙuri, kada in ja wa kaina baƙin jini ina dab da gamawa. Ni kuma na gaji da zama kamar mai bara a wurin da na biya kuɗin makaranta kamar kowa. Har na fara tunanin jingine karatun zuwa baɗi. Me zan yi?

'Yarku, daga ɗakin kwanan ɗalibai.

Wa alaikumus salam 'yata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kika ce kin gaji da zama kamar mai bara. Don haka daga nan zan fara. Littafin da ke kan kantar laburare an saye shi ne domin kowane ɗalibin da jami'ar ta ɗauka, kuma ranar da ta ba ki gurbin karatu ta san ba ki gani. Idan kika nemi a ba ki wannan littafin ta hanyar da za ki iya karanta shi, abin da yake naki kike nema. Ina so ki riƙe wannan a zuciyarki duk lokacin da za ki tsaya gaban teburin wani jami'i, domin yadda mutum yake ɗaukar kansa yakan fito a muryarsa tun kafin ya gama sallama.

Batun jingine karatu kuwa, ban goyi bayansa ba. Idan kika tafi kika dawo baɗi, makullin nan yana aljihun da kika bar shi, tsofaffin firojet suna hawa na biyu, sannan ƙawarki ta riga ta gama ta tafi bautar ƙasa. Jinginewa takan yi amfani idan lokaci shi ne maganin matsalar, kamar rashin lafiya ko haihuwa. Taki matsalar ta tsari ce, shekara guda ba za ta sauya ta ba sai an taɓa ta.

Abin da na hango a cikin labarinki shi ne karatunki ya rataya a wuyan mutum biyu kacal, ƙawarki da mai riƙe da makulli. Duk ranar da ɗayansu ya gaji ko ya yi tafiya, ke ma kin tsaya. Dukkan shawarar da zan ba ki tana komawa ne ga kwance wannan ratayar, ta yadda za ki samu ƙofofi da yawa maimakon biyu.

Bari mu fara da ƙawarki, domin ita ce ta fi kusa, kuma ita ce asarar da za ta fi ciwo idan aka yi sakaci. Yarinyar da ta shekara uku tana karanta miki, wani lokaci bayan ta wuni a lakca idonta na lumshewa, ba maƙiyiyarki ba ce don ta faɗi jimla ɗaya a daren da ta gaji. Ina kyautata zaton ta daɗe tana riƙe da maganar tana jin nauyinki, kuma a yanzu haka tana can tana jin kunyar abin da ya fito daga bakinta, kamar yadda kike jin nauyin sake roƙonta. Shirun da kuka yi wa juna shi ne abin tsoro. Ki same ta a lokacin da babu littafi a tsakaninku, ki gode mata da baki a fili, ki ambaci wasu abubuwan da ta yi miki ɗaya bayan ɗaya don ta san ba ki manta ba. Sannan ki gaya mata cewa kin ji maganarta kuma gaskiya ta faɗa. Daga nan ki tambaye ta abin da za ta iya ba tare da ta cutu ba, ko da awa biyu ne a mako, ku tsayar da rana da lokaci. Taimakon da aka yi masa iyaka ya fi daɗewa, domin mai yin sa ya san inda zai ajiye ya huta. Kuma kada ki manta ke ma kina da abin bayarwa: kin iya buga rubutu ba tare da kallon allo ba, ita kuma tana da babi biyar da za ta buga. Idan ta karanta miki nata rubutun hannun kika buga mata, zumuncin ya koma cuɗe-ni-in-cuɗe-ki, kuma nauyin da kike ji zai ragu sosai.

Sauran karatun da yake buƙatar idon mutum, ki raba shi. Ki yi wa wakilin ajinku magana, ki je ƙungiyar ɗalibai ta masallaci ko ta garinku, ki nemi mutum huɗu ko biyar waɗanda kowannensu zai ba ki awa ɗaya a mako. Ɗaliban aji ɗaya da aji biyu na sashenku sun fi dacewa, saboda ba su da firojet a kansu, kuma abin da za su karanta miki zai amfane su nan gaba. Duk wanda ya zauna karanta miki, ki nemi izininsa ki naɗi muryarsa a waya, ki roƙe shi ya riƙa faɗin sunan marubuci da shekarar bugu a farko, da lambar shafi duk lokacin da ya juya takarda. Wannan ƙaramar al'ada za ta cece ki ranar da za ki zauna jera manazarta, kuma ba za a sake karanta miki shafi ɗaya sau biyu ba.

Yanzu sai kwamfutar da take yin shiru. Yadda kika kwatanta ta, ina da ƙarfin zaton manhajar JAWS ce, wadda take karanta abin da ke kan allo da murya, aka saka ba tare da an biya kuɗin lasisinta ba, ko kuma lasisin ya ƙare. Haka aka tsara ta: idan babu lasisi takan yi aiki na minti 40, sannan ta tsaya sai an kashe kwamfutar an sake kunnawa. Ke nan na'urar lafiyarta lau, kuma mai yiwuwa ma'aikatan ma ba su san dalilin ba, suna zaton lalacewa ta yi. Maganin wannan ba ya buƙatar ko kwabo. Akwai manhajar karanta allo mai suna NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan Ostareliya, Michael Curran da James Teh, suka fara ginawa a 2006 saboda tsadar irin su JAWS, kuma har yau kyauta ake sauke ta. Abin da ya fi muhimmanci gare ki shi ne ana iya ɗora ta a kan filashi, ki saka a jaka, ki soka a kowace kwamfuta mai Windows ta fara yi miki magana ba tare da an girka komai ba. Idan babu wanda zai tayar miki da ita, Windows tana da nata mai karanta allo, Narrator, wanda yake tashi idan kika danna Ctrl da maɓallin Windows da Enter a tare, da shi za ki lalubo filashin ki kunna NVDA. Da wannan da abin sauraro na kunne, babban ɗakin kwamfutocin laburare da sauran ɗalibai suke shiga ya zama naki ke ma, ba sai kin jira ɗakin da ke kulle ba. Sai dai ki nemi izini tukuna, domin wurare da yawa sun hana soka filashi saboda tsoron ƙwayar cutar kwamfuta, kuma tsoron nasu yana da tushe. Mafi kyau ma su girka NVDA da kansu a kwamfuta biyu ko uku da ke kusa da ƙofa.

Wayar hannunki ma ta fi yadda ake zato. Na san kina amfani da TalkBack ko VoiceOver, masu karanta allon waya da murya, tunda har kin aiko mini da wasiƙa. Ki ƙara da Seeing AI na kamfanin Microsoft ko Lookout na Google, waɗanda suke ɗaukar hoton shafi su mayar da shi rubutun da waya za ta karanta, har sukan gaya miki da murya ki matsa hagu ko dama kafin shafin ya shiga daidai. Dabarar da ke sauƙaƙa aikin ita ce ki samu ƙaramin kwali, a yanke masa gefe ɗaya don haske da hannu su shiga, a huda samansa daidai idon kyamara. Ki kifa wayar a kai, littafin yana ƙasa, ke dai juya shafi kawai za ki riƙa yi, tazarar ba ta canjawa kuma hannu ba ya rawa. Akwai kuma Be My Eyes, wadda take haɗa ki da mai sa-kai ta kiran bidiyo, tana da amfani idan abu ƙarami ne kamar gano sunan da ke bangon littafi.

Ba zan ɓoye miki iyakar waɗannan na'urori ba, don kada ki dogara da su su ba ki kunya. Handaut ɗin da aka yi wa hoto a kan hoto har tawadar ta koɗe yakan fito a hargitse. Rubutun hannu da jadawalin alƙaluma suna wahalar da su. Takardar PDF iri biyu ce, akwai mai ɗauke da rubutu na ainihi, akwai wadda hoton shafi ce kawai, ita wannan ta biyun mai karanta allo ba ya ganin komai a cikinta sai an bi ta da manhajar gane haruffa. Abin da yake ba ni takaici a kai a kai shi ne halin da harshenmu yake ciki: yawancin manhajojin nan sukan rikita ƙ da k, ɗ da d, kuma muryar Turanci idan ta kama jimlar Hausa sai ta dagula ta har mai ita ya kasa gane ta. Idan bincikenki yana da hirarraki ko takardu na Hausa, a nan za ki kashe awannin masu karanta miki, ki bar wa waya littattafan Turanci masu tsaftataccen bugu.

Kafin ki hau bene ma, ki tambayi sashen intanet na laburaren sunan shiga da kalmar sirri na rumbunan mujallun ilimi da jami'ar take da rajista da su, irin su JSTOR ko Research4Life. Maƙalolin baya-bayan nan galibi rubutu ne na ainihi, NVDA tana karanta su tas, kuma babi na biyu na firojet ya fi buƙatar su a kan tsofaffin kundaye. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, ta saka littattafan kwasa-kwasanta a shafinta kyauta. Akwai kuma Bookshare, rumbun littattafai na Amurka da aka yi domin waɗanda ba sa iya karanta bugun takarda, ana shiga da shaidar lalura daga likita ko jami'in da ya cancanta.

Sai mu zo kan hukumar laburare, inda yayanki da mahaifiyarki suka saɓa. Kowannensu yana da rabin gaskiya. Yayanki ya ga ana tauye ki, kuma ana tauye ki ɗin. Mahaifiyarki ta san cewa ɗalibar da ta rage mata wata kaɗan tana hannun mutanen da za su sa hannu a takardunta, har da takardar sallama ta laburaren kansa. Amma akwai abin da ban gani a wasiƙarki ba: duk mutanen da kika ambata na bakin kanta ne. Wanda ya ce ki zo da mai karatu yana ƙoƙarin sallamarki ne da abin da ya sani, wanda ya ce ba a ɗaga murya yana bin dokar da aka ɗora masa, kuma babu ɗayansu da yake da ikon sassauta doka ko yanka sabon makulli. Shi kansa mai riƙe da makullin, mai yiwuwa an damƙa masa kayan ne aka ce duk abin da ya ɓace a albashinsa, shi ya sa yake tafiya da shi gida. Mai iko shi ne shugaban laburaren jami'a, kuma bisa ga abin da kika rubuta, ba a taɓa kai masa maganar a rubuce ba. Idan kika fita Facebook a yau, amsar farko da za su bayar ita ce ba su da labari, kuma a takarda gaskiyarsu ce.

Saboda haka ki rubuta masa wasiƙa ta hannun shugaban sashenku, ki aika kwafi ga shugaban kula da harkokin ɗalibai. Kada ta wuce shafi ɗaya, kada ki ambaci sunan kowane ma'aikaci da laifi. Ki faɗi ranakun da kika je kika tarar da ɗakin a kulle, sannan ki nemi abubuwa ƙanana waɗanda zai iya amincewa da su da biro ɗaya ba tare da ya jira kasafin kuɗi ba. Ki nemi a ajiye makulli na biyu a teburin shiga tare da rajistar da mai karɓa zai sa hannu, wanda hakan zai kare kayan ya kuma sauke wa ma'aikacin nauyi. Ki nemi a girka NVDA. Ki nemi a ba ki izini a rubuce na shiga da mai karatu, a nuna muku wani lungu ko ofis da muryarku ba za ta dami kowa ba. Ki nemi a riƙa sauko miki da kundayen da kika rubuta sunayensu, a kuma yarda ki ɗauki hoton shafukan da kike buƙata a gaban ma'aikaci, ko a ba ki kwafin kwamfuta idan suna da shi. Takardar birel da lasisin JAWS ki sa su a ƙarshe a matsayin abin da za a duba nan gaba, domin su ne masu cin kuɗi, kuma jami'o'in gwamnati suna samun kason raya laburare daga asusun TETFund wanda za a iya shigar da irin wannan buƙata a cikinsa. Ki buga kwafi biyu, sakatare ya buga hatimi da kwanan wata a kan naki, ki adana. Sannan ki nemi ganin shugaban da kanki, tunda zuwa da kai ya fi saƙo. Ki tafi da filashinki, ki roƙe shi minti biyar ki nuna masa yadda kwamfutar ofishinsa za ta karanta miki shafi. Jami'ai da yawa ba su taɓa ganin makaho yana aiki da kwamfuta ba, kuma abin da ido ya gani yakan yi aikin da doguwar wasiƙa ba ta yi ba.

Ya kamata ki san inda kika tsaya a doka, ko da ba za ki buɗe magana da ita ba. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta tabbatar muku da haƙƙin ilimi ba tare da wariya ba, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara yadda kowa zai iya shiga, wa'adin da ya cika a Janairun 2024. Game da ɗaukar hoton littafi, wanda nan ne ma'aikatan laburare suka fi ɗari-ɗari, Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Marrakesh a 2017. An ƙulla ta ne a 2013 a ƙasar Maroko domin a buɗe wa makafi hanyar samun littattafai, kuma sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta shigar da ita cikin dokokin ƙasa. Ma'anar wannan ita ce mayar da littafi zuwa birel ko murya ko rubutun kwamfuta domin amfanin makaho, ba don ciniki ba, ba ya buƙatar izinin marubuci ko mawallafi. Jimla biyu a kan wannan sun isa a wasiƙarki, kuma ki rubuta su da sigar mai kwantar wa shugaban da hankali cewa doka ta ba shi kariya idan ya taimake ki. Sai dai ki lura, hana ɗaukar hoton tsofaffin firojet ya fi alaƙa da tsoron ɗalibai su kwafe aikin wasu su miƙa a matsayin nasu, kuma wannan matsala ce ta gaske a jami'o'inmu. Don haka ki riga su: ki ce a shirye kike ki sa hannu a takardar alkawarin cewa ba za ki ba kowa ba, kuma za ki goge bayan kin gama.

Kada ki tafi ke kaɗai idan da hali. A jami'ar nan akwai ɗalibi mai keken guragu wanda hawa na biyun nan ya fi ƙarfinsa fiye da ke, akwai kurame da ba su taɓa samun mai fassara a ranar da ake koya wa sababbin ɗalibai amfani da laburare ba, akwai zabiya da masu raunin gani da suke buƙatar a ƙara musu girman rubutu kawai. Wasiƙar da mutum shida suka sa wa hannu ba a cewa rigimar yarinya ɗaya ce, kuma baƙin jinin da mahaifiyarki take tsoro ba ya samun wanda zai sauka a kansa. Idan jami'arku tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, ki nemi malami ɗaya daga can ya raka ku.

Malamin da yake duba aikinki shi ne mafi sauƙin lamarin, kuma ina mamakin yadda kika bar shi a ƙarshen lissafi. Tunda kin ce mutumin kirki ne, jan biron nan sabo ne kawai, haka yake yi wa kowa shekara da shekaru bai tsaya ya yi tunani ba. Ki gaya masa cikin ladabi cewa duk gyaran da ya yi sai kin nemi wanda zai karanta miki, kuma sau da yawa mai karantawar ba ya gane rubutun ko inda kibiyar ta nufa. Ki roƙe shi ki riƙa tura masa babin ta imel ya yi gyara a cikin takardar, ko ya naɗa miki saƙon murya a WhatsApp, ko ya ba ki minti goma sha biyar a ofis ya faɗa da baki kina naɗa. Shi ne kuma zai iya karɓo miki kwafin kwamfuta na firojet ɗin ɗaliban da ya duba a baya, ya sa baki wurin shugaban sashe, ya nema miki ƙarin mako biyu ko uku idan aikin ya buƙaci haka. Ki nemi ƙarin lokacin tun yanzu a rubuce, kada ki bari sai ana gobe miƙawa.

Idan mako biyu suka wuce babu amsa, ki rubuta tunatarwa ki maƙala kwafin ta farko. Idan aka sake yin shiru, ki kai wa shugaban harkokin ɗalibai da ofishin SERVICOM, mai karɓar ƙorafi a kan ayyukan hukumomin gwamnati, idan jami'arku tana da shi, daga nan sai ofishin shugaban jami'a. A wajen makaranta akwai reshen Ƙungiyar Makafi ta Najeriya na jiharku, da Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa da aka kafa a 2020 a ƙarƙashin waccan dokar, wadda karɓar irin wannan ƙorafi yana cikin aikinta. Facebook ɗin yayanki ban rufe ƙofarsa ba, amma wurinsa bayan duk waɗannan ne, kuma a lokacin za ki fito da takardu masu hatimi da kwanan wata a hannunki, ki faɗi abin da ya faru ba tare da zagi ko kama sunan ƙaramin ma'aikaci ba. Ki gaya wa yayanki cewa akwai aikin da ya fi wannan gaggawa da zai yi miki a makon nan: ya sayo filashi da abin sauraro na kunne, ya samu mai kwamfuta ya ɗora miki NVDA, ya yanka miki kwalin nan. Mahaifiya kuma ki karanta mata wasiƙar kafin ki kai, ta ji da kunnenta cewa babu rashin kunya a ciki, ki nemi ta sa miki albarka.

Ki fara da ƙawarki a daren yau, malaminki gobe, wasiƙar kuma ta isa teburin shugaban laburare kafin Juma'a. Allah Ya buɗa miki, Ya sa ki miƙa firojet ɗinki tare da 'yan ajinku. Idan amsa ta zo, ko kuma mako biyun suka cika ba ta zo ba, ki sake rubuto mini mu duba tunatarwar tare.